Babi na Shida: Tanderun da Ya Huce

A Izom na sha ruwan da ya sa na sake hanya. Daga Minna muka taso da hantsi, motarmu ta tsaya kusa da gadar kogin Gurara domin direba ya duba taya, ni kuwa ƙishi ya kai ni gindin wata bishiya inda wata dattijuwa Bagwariya ta jera tukwane. Akwai randuna manya, akwai tuluna masu ɗan wuya, ga kasake na tuya, ga asusun yara an tara kamar ƙwai. Na gaishe ta, na ce, "Mama, ko da ruwa?" Ba ta ce komai ba, sai ta buɗe faifan da ke bakin wata tsohuwar randa, ta ɗebo da moɗa ta miƙo mini. Rana tana tsaka, kwalta tana tururi, amma ruwan nan sanyi ƙarara, da ɗan ƙamshin ƙasa irin wanda duk wanda ya tashi a ɗakin kakarsa ya sani.

Da na laluba aljihu domin in sayi asusu, sai ga tsohuwar naira ashirin. Na juya bayanta: mace zaune da ɗankwali, hannunta a jikin tulu, an rubuta Ladi Kwali a ƙasa. Na dubi takardar, na dubi mai tukwanen. Sana'arsu ɗaya, ƙasarsu ɗaya. Na san wurin da matar cikin takardar ta yi aikin shekara kusan talatin yana gaba kaɗan, a Suleja, kuma na sha karanta cewa ya zama kango. Zuwa da kai ya fi saƙo. Da muka wuce mahaɗar Diko muka shiga gari, sai na sauka.

Kango

Wanda bai san wurin ba zai wuce shi bai waiwaya ba. Suleja ta cika ta batse da ma'aikatan da ke kwana a nan su yi sammako zuwa Abuja, shaguna da masu acaɓa sun kewaye ko'ina. A tsakiyar wannan hayaniya gidan tukwanen yake, shiru kamar an yi masa rasuwa.

Wani dattijo na tarar a inuwa. Na ce, "Baba, barka da hutawa. Izini nake nema in duba wurin." Ya ce, "Shiga mana, ɗana. Sai dai ka riƙa duba inda kake sa ƙafa."

Ciyawa ta ci tsakar gida. Ƙasan kuwa duk tsingaro ne, sai ƙaras-ƙaras yake yi a ƙarƙashin takalmi. Na tsuguna na ɗauki guda: hannun kofi ne, baƙi mai sheƙi, ruwan sama na shekaru bai dusashe shi ba. A ɗakin aiki ga injin juya yumɓu irin wanda ake turawa da ƙafa, ƙarfensa ya yi tsatsa, faifansa ya ƙi motsi. Gara ta cinye katakon da ake jera ɗanyun tukwane su sha iska. A kusurwa akwai ramin jiƙa yumɓu, ya bushe ya tsattsage kamar bakin tafki a bazara.

Tanderun shi ne ya tsayar da ni. Gini ne na bulo, da ƙofofin wuta a ƙasa da bututun hayaƙi a sama. Na leƙa ciki. Bangon ya yi santsi, domin tokar itacen da aka ƙona shekara da shekaru ta narke ta bi jikin bulon ta zama gilashi. Jemagu suka tashi. A saman ƙofar, zanzaro ya gina ɗakunansa na laka a jere, ƙanana, masu baki kamar tulu. Duk gidan nan shi kaɗai ne maginin da bai daina aiki ba. Ƙadangare kuwa, wanda Ladi ta zana a jikin tulunan da ke ajiye yau a gidajen tarihi na Landan da Washington, ga shi nan da ransa yana shiga yana fita ta tsagar bango. Hausawa sun riga sun faɗi abin da ke ba shi hanya.

Baturen da ya sha kaye a Gana

Mafarin gidan nan wani Bature ne ɗan Ingila, Michael Cardew, wanda aka haifa a 1901. Ya yi karatu a Oxford, amma ya zaɓi laka. Ya koyi gini a wurin Bernard Leach a garin St Ives, sannan ya buɗe nasa wurin a Winchcombe a 1926. A 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, aka tura shi ƙasar da yanzu ake kira Gana domin ya shugabanci wata masana'antar tangaran a Alajo, kusa da Ankara, wadda ke ƙarƙashin kwalejin Achimota. Jiragen ruwa ba sa kawo kaya saboda yaƙi, don haka aka so a riƙa yin su a gida. Masana'antar ta ci kuɗi, ba ta biya ba, aka rufe ta a 1945. Ya koma ƙauyen Vume a bakin kogin Volta ya sake gwadawa da kuɗin aljihunsa, ciwo da asara suka mayar da shi gida a 1948.

Da wannan tabo ya iso Nijeriya a 1950, a matsayin jami'in kula da ginin tukwane a ma'aikatar ciniki da masana'antu ta gwamnatin mulkin mallaka. Ya zagaya ƙasar yana duba yumɓu da magina, ya rubuta rahoto. Abin da ya gani ya ba shi mamaki. An aiko shi ne ya gyara sana'ar mutane, sai ya tarar sana'ar ba ta da abin gyara. Tukunyar ƙauye tana jure wutar murhu ba ta fashewa, randa tana sanyaya ruwa, kuma talaka yana iya sayen su. Shawararsa ita ce a ƙyale matan ƙauye da aikinsu. Abin da ya ga babu shi ne kayan teburi masu ƙyalli: kofin shayi, faranti, butar shayi, irin waɗanda malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan En'e suka fara so, kuma duk daga Turai ake kawo su. Nan ya ce za a sa hannu.

Ya zaɓi Abuja, wato Suleja ta yau. Gari ne ƙarami a lokacin, mai ganuwa, wanda Abu Ja ya kafa a 1828 bayan jihadi ya fitar da sarakunan Haɓe daga Zazzau. Ba jirgin ƙasa, sai an je Minna. Amma akwai yumɓu mai kyau, akwai ruwan kogin Iku, akwai daji mai itace, abin da garuruwan can Arewa ba su da shi da yawa, tanderu kuwa cin itace gare shi kamar ba gobe. Sannan akwai Sarki Sulaimanu Barau, tsohon malamin makaranta da ya hau gadon sarauta a 1944, mai son sana'ar ƙasarsa har yana tara tukwane a gidansa. Aka gina ɗakunan farko da laka da jinka, irin ginin gari, aka buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a 1952.

Wuta iri biyu

Kafin mu shiga labarin Ladi, sai mun bambanta wutar Izom da wutar Suleja, domin duk abin da ya faru da gidan nan yana cikin wannan bambanci.

Maginiyar ƙauye ba ta da injin juyi. Takan ɗora curin yumɓu a kan kasko ko turmi, ta huda tsakiyarsa, ta riƙa jan laka sama da yatsu tana kewaya shi da baya-baya, tana ƙara murjajjen yumɓu zobe a kan zobe. Ita ce ke juyawa, tukunya tana zaune. In ta sha iska, sai a yi mata ado da guntun igiya ko ɗan sassaƙen itace da ake gangarawa a kafaɗarta. Ranar gashi a jera tukwane a fili, a lulluɓe da itace da ciyawa, a cinna wuta. Ba a daɗewa. Zafin yakan tsaya wajen digiri 700 zuwa 800, kuma tun suna da zafi ake yayyafa musu ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, su yi duhu su ƙara ƙarfi. Tukunyar da aka gasa haka jikinta yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa yana tsattsafowa ta nan, iska ta ɗauke shi, ta tafi da zafin. Sirrin ruwan da na sha ke nan.

Tanderun Cardew wani abu ne daban. Ana rufe kaya a ciki, a yini a kwana ana zuba itace, har zafi ya haura digiri 1,200. A nan yumɓu yakan haɗe ya zama kamar dutse, in ka ƙwanƙwasa ya yi ƙara kamar ƙararrawa. Ƙyallin jikinsa kuwa haɗi ne na toka da niƙaƙƙen dutse da farar ƙasa, wanda ke narkewa ya zama gilashi. Cardew ya dage cewa kayan haɗin nan daga ƙasar za su fito, har da farar ƙasa da sauran ma'adinan da ake samu a wuraren haƙar kuza na Jos. Ya ɓata shekaru yana gwaji, abin da ya koya ya zuba shi a littafinsa Pioneer Pottery na 1969, wanda magina a ƙasashe da yawa ke amfani da shi har yau. A gindin kowane kofi akan buga hatimi mai sunan Abuja da ajami, kusa da alamar wanda ya gina.

Wutar ƙauye tana bukatar mace ɗaya da 'ya'yanta da ciyawar bayan gari. Wutar tanderu tana bukatar mai haƙo yumɓu, mai niƙa dutse, motar da za ta je Jos, tulin itace, masu kwana a bakin wuta, da albashinsu a ƙarshen wata. In ɗaya ya yanke, duk sun tsaya.

Ladi

A gidan Sarki Sulaimanu Barau Cardew ya fara ganin tulunan wata mata daga Kwali. An haife ta wajen 1925, ta koyi gini tun tana yarinya a hannun 'yar'uwar iyayenta, kamar yadda 'yan matan Gwari ke koya. A ƙarshen 1954 ta shiga cibiyar, ita ce mace ta farko a cikin maza. Ta koyi juyi a inji, ta yi faranti da kofi da kwanon miya. Amma abin da ya fitar da sunanta shi ne abin da ta zo da shi daga gida: babban tulun ruwa da ake ginawa da hannu, an raba jikinsa gida-gida, a kowane gida kunama ko hawainiya ko kada ko kifi ko tsuntsu. Sai aka riƙa gina shi da yumɓun tanderu, a cike zanen da farar ƙasa, a shafa ƙyalli, a gasa.

Aka kai kayan Abuja baje koli a Berkeley Galleries da ke Landan a 1958, aka sake a 1959 da 1962. Tulunan Ladi suka ƙare tun kafin a rufe. Ta je Ingila ta yi gini a gaban jama'a, ta zagaya Amurka a 1972. Matar da ba ta yi boko ba, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta a 1977, aka ba ta lambar yabo mafi girma ta ƙasa a fannin ilimi da fasaha a 1980, da lambar OON a 1981. Bayanta wasu mata suka shigo, irin su Halima Audu da Asibi Ido da Lami Toto da Kande Ushafa. A cikin maza akwai Tanko Ashada da Bawa Ushafa da Gugong Bong, da Kofi Athey wanda ya biyo Cardew daga Vume. A 1974 wata budurwa 'yar Kenya, Magdalene Odundo, ta zo ta zauna a gaban Ladi tana koyo. Yau tana cikin manyan maginan duniya.

Sai dai akwai abin da ba a cika faɗa ba. Tulun Ladi da ya fito daga tanderu ya yi nauyin da mace ba za ta kai shi rafi ba, kuma ƙyalli ya toshe ƙofofin jikinsa, ba ya sanyaya ruwa. Siffar tulu ce, amma aikin tulu ya fita daga cikinta. Ya zama abin ajiyewa a kalla. Kofunan da aka yi domin akawu da malamin makaranta kuwa, tsadarsu ta fi ƙarfinsu. Akawu ya ga kwanon sha mai fenti da tangaran ɗin kanti sun fi araha, ya saya. Masu sayen kayan Abuja suka zama Turawan mulki, da jakadu, da manyan ma'aikata masu neman tsarabar ba baƙo. Ƙananan wuraren gini da aka buɗe wa ɗaliban cibiyar a Sakkwato da Kano ba su yi nisa ba. An kafa gidan ne domin teburin ɗan ƙasa, kasuwarsa kuwa ta kasance a hannun baƙo, baƙo kuwa raɓa ne.

Yadda wuta ke mutuwa

Cardew ya yi ritaya a 1965, Michael OBrien ya karɓa har zuwa 1972. A 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yanke shawarar gina sabon babban birni, ta ɗebi ƙasa mai yawa daga masarautar, har da Kwali da Ushafa da Bwari, ta ɗauki sunan Abuja ta ba sabon birnin. Tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu. Hatimin ajamin da ke gindin kofuna ya wayi gari yana nuna wani wuri da ba nan ba. Cardew ya rasu a 1983, Ladi ta bi shi ranar 12 ga Agusta 1984 a Minna. Gidan, wanda aka sa wa sunanta, ya ci gaba da amsa shi.

Masana'anta irin wannan ba ta mutuwa rana ɗaya. Wanda ya san yadda ake haɗa ƙyalli ya tsufa, ba a ɗauki yaro ya gaje shi ba. Dajin da ake saro itace ya zama unguwa. Gashin da ake yi a kai a kai ya koma na jefi-jefi, sannan ya koma sai in za a yi babban baƙo. Darajar naira ta faɗi bayan 1986, sannan tangaran ɗin Sin ya cika kasuwa a farashin da ba mai tura inji da ƙafa da zai iya karawa da shi. Rufi ya fara yoyo a kan tanderu, bulo ya sha ruwa. Ba mu kaɗai abin ya shafa ba: a Stoke-on-Trent, cibiyar tangaran ta Ingila, tanderun bulo masu siffar kwalba da suka kai dubbai a da, yau waɗanda ke tsaye ba su kai hamsin ba. Bambancin shi ne can an mayar da wasu gidan tarihi, yara suna zuwa suna taɓa laka.

Na tambayi dattijon ko ya taɓa ganin ana gashi a nan. Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, in aka kunna wutar nan da dare, daga nesa kake hango harshenta a bakin bututu. Ranar buɗewa kuwa kowa gabansa faɗuwa yake yi, don ba ka san abin da wuta ta bar maka ba." Ya yi shiru, sannan ya ƙara da cewa, "Yanzu kam ta bar mana bulo."

Amma ba bulo kaɗai ta bari ba. Danlami Aliyu, wanda ya koyi aiki a gidan nan, ya kafa nasa wurin a Minna. Daga wannan zuriya aka samu gidan tukwane na Maraba kusa da Kaduna, da na Bwari, kuma OBrien ya yi ta dawowa yana taimaka musu da ginin tanderu da ba ya cin itace da yawa. Waɗannan ba su jira albashi ba. Sun san ranar da ba su sayar ba, ba za su kunna wuta ba. A Ushafa, inda Shugaba Bill Clinton na Amurka ya kai ziyara a Agustan 2000, mata suna gini har yau. Haka a Tatiko ta wajen Paiko, haka a Kwali. Ilimin da ke cikin gini ya rushe tare da ginin. Wanda ke cikin hannu ya bi masu shi ya tafi inda suka tafi.

Kada kuma a ɗauka maginiyar ƙauye tana cikin daɗi. Jarka ta kori tulu daga hanyar rafi, tukunyar dalma ta hau murhu, mai firji ba ya neman randa. 'Yan mata da yawa sun ga wahalar haƙar yumɓu da hayaƙin gashi sun ce a kai kasuwa. Abin da ya riƙe sana'ar shi ne har yanzu akwai abin da take yi wanda roba ba ta iyawa: sanyaya ruwa ba lantarki, dafa magani, turaren ɗakin amarya, miyar da tsofaffi ke rantsuwa ba ta daɗi sai a tukunyar ƙasa. Duk mai niyyar tayar da gidan Suleja, kafin ya sayi kwanon rufi, ya fara amsa tambayar da ta gagari Cardew da duk gwanintarsa: wa zai saya, a nan, da kuɗinsa?

Da zan fita na sake ciro naira ashirin ɗin. Tun 2007 Ladi take bayanta. A gabanta kuwa Murtala ne, har mutane na kiran takardar da sunansa. Wanda ya ɗauke wa garin suna a fuska ɗaya, wadda ta kai sunan ƙetaren teku a ɗaya fuskar, sun juya wa juna baya a cikin aljihun kowa. A lokacin takardar da ƙyar take sayen ledar ruwa, ledar ma mai ɗumi.

Na sa hannun kofin nan a aljihu, sannan na tuna ba nawa ba ne, na mayar da shi inda na tsince shi. Washegari a hanyar komawa Minna na roƙi direba ya tsaya a Izom. Dattijuwar tana nan a gindin bishiyarta. Ta zaɓo mini randa matsakaiciya, ta ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa ta kara kunne, ta ajiye, ta ɗauko wata ta ƙwanƙwasa, sannan ta gyaɗa kai. Ta ce in na isa gida in cika ta da ruwa ta kwana, in zubar da na farko, kada in ajiye ta a kan siminti sai a kan yashi. Muka ɗaure ta da tsumma a bayan mota, duk ramin da muka faɗa sai na waiwaya.